Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Bas Cike da Mutane Ta Yi Hatsari a Babban Titi

Wasiƙun da suka zo mana daga Makka da Jidda da Madina a wannan karo kusan duk magana ɗaya suke yi, wato hatsarin manyan motocin fasinja, musamman a Hanyar Hijira da ta haɗa Makka da Madina. Masu amsawa ma'aikatan sashen gaggawa ne da na motocin agaji. Mun taƙaita tambayoyin, kuma ba mu saka sunayen masu su ba.

Tambaya: Ina jagorantar masu Umara daga Makka zuwa Madina kusan kowane mako. Allah Ya kiyaye, in motarmu ta yi hatsari kuma na fito da ƙafata, me zan fara yi? (Wani jagoran mahajjata, Misfala, Makka)

Amsa: Malam, amin. Zuciyarka za ta ja ka wajen masu ihu, amma aikinka na farko yana kan kwalta. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya, kuma daga lokacin da direbanta ya hango ku zuwa tsayawarsa sai ya ci fiye da mita 100. Jama'a sun watsu a titi cikin duhu, wasu a kwance, ga tirela na tafe. Hatsari na biyu kan hallaka har da waɗanda suka tsira daga na farko da waɗanda suka tsaya taimako. Saboda haka ka kama mutum ɗaya lafiyayye, ka ba shi alwatikan gargaɗi na motar da fitilar waya, ya bi gefen titi ya koma baya mita 150 zuwa 200, wato taku 200 zuwa 250 na babban mutum, ya ajiye shi can. Idan wurin kwana ne ko gangare, ya wuce kwanar tukuna. Duk motar da ta tsaya taimako ta kunna fitilun gargaɗi, ta faka can gaba da wurin a kafaɗar titi, don a bar wa motocin agaji hanya.

A lokaci guda wani ya kashe injin, ya ja birkin hannu, kuma kada kowa ya kunna sigari.

Sai kira. Lambar Hilal Ahmar, masu motocin is'af, wato na ɗaukar marasa lafiya, ita ce 997. Ta Difa'ul Madani, masu kashe gobara da yanke ƙarfe don ciro wanda ya maƙale, 998. Jami'an tsaron manyan tituna 996, 'yan murur, masu kula da zirga-zirgar motoci, 993. A yankunan Makka da Madina da Riyad da Gabas, 911 kaɗai ta isa, su ne za su rarraba kiran. Manhajar Hilal Ahmar mai suna As'ifni tana tura musu ainihin inda kake tsaye, don haka ka sauke ta tun kana gida. Kada ka ɓata lokaci da kiran Najm, kamfanin da ke duba hatsarin mota don inshora, aikinsu hatsarin da ba a ji rauni ba ne.

Yadda ka yi bayani shi zai sa a turo mota ɗaya ko goma. Kada ka ce “an yi hatsari” kawai. Ka ce bas ce, mutum nawa ke ciki, kimanin nawa ne ba sa iya tashi, akwai wuta ko zubar mai, akwai waɗanda suka maƙale. Ka faɗi hannun da kuke, mai zuwa Madina ne ko mai zuwa Makka, domin titin a rabe yake, motar da ta biyo ta ɗaya hannun sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta sami wurin juyowa. Ka karanta musu allon kilomita mafi kusa, ko sunan gidan man da kuka wuce a ƙarshe. In Larabcinka bai nuna ba, kalmomi kaɗan sun isa: hadis bas, musabin kasir, nazif, harik, ma'ana hatsarin bas, masu rauni da yawa, zubar jini, gobara. Kada ka katse wayar sai sun sallame ka, kuma mai wayar ya zama ba shi da wani aiki sai ita.

Hanyar nan ta haura kilomita 400, kuma akwai wuraren da suke da nisa da kowane babban asibiti. Ka sa a ranka cewa mintocin farko, wani lokaci har rabin awa, ku da ke wurin ne masu agajin. Da an ce kowa aikinsa ne, ba wanda zai yi. Ka nuna mutum da yatsa ka ce kai, je ka yi kaza.

Tambaya: Ni direba ne. In mota ta kife a gefenta, ƙofa ta danne ko ta ƙi buɗuwa, ta ina za a fitar da mutane? (Wani direban bas, Karantina, Jidda)

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa abin da ya fi ci mana rai. A watan Oktoba na 2019, wata bas ta yi karo da motar ɗibar ƙasa a kusa da Akhal a Hanyar Hijira, ta kama da wuta, mutum 35 suka rasu. A watan Maris na 2023, wata mai ɗauke da masu Umara ta daki gada a gangaren Sha'ar da ke yankin Asir, ta kife ta kama da wuta, aƙalla mutum 20 suka rasu, 29 suka ji rauni. Idan wuta ta shigo cikin lamarin, lokacin fita kaɗan ne ƙwarai, kuma hayaƙin kujeru da robobi kan sumar da mutum tun harshen wutar bai iso shi ba.

Ƙofar manyan motocin nan da iska take aiki. Kusa da ita, ciki da waje, akwai maɓalli ko marfin gaggawa, galibi ja, wanda in an murɗa shi yake sakin iskar, sai a tura ƙofar da hannu. Fasinja da yawa ba su san da shi ba, sai su taru suna dukan ƙofa. Idan motar ta kwanta a gefe, ƙofofin rufi su ne suka zama ƙofar fita, don sun dawo daidai tsayin mutum. Gilashin gefe kuwa ana fasa shi da jar gudumar da ke rataye kusa da taga, kuma a kusurwa ake dukansa, domin tsakiyarsa tana lanƙwasawa ta shanye dukan. In ya fashe zubewa yake ƙanana-ƙanana. A share bakin tagar da jaka, a shimfiɗa bargo ko darduma kafin a ƙetare. Gilashin gaba daban ne, akwai leda a tsakiyarsa, tsagewa yake ba ya zubewa, sai dai a tura shi da ƙafa ya fita gaba ɗaya daga mazauninsa.

Injin a baya yake. Idan hayaƙi daga can yake fitowa, a fitar da mutane ta gaba, kuma kada ka wangale marfin injin, iska za ka ba wutar. Ɗan buɗe shi kaɗan ka fesa ta kafar. Tukunyar kashe gobara mai kilo 6 ba ta kai rabin minti ta ƙare, don haka amfaninta kashe ƙaramar wuta ne ko buɗe hanyar fita. Wutar da ta kama taya ko ta shiga ɗakin fasinja ta fi ƙarfinta. Kada kuma a raina man dizal don an ce ba ya kamawa kamar fetur. In ya zuba a kan salansa mai zafi kamawa yake, ga shi tankin yana ɗaukar ɗaruruwan lita. Ka san inda makashin batirin motarka yake. A tara mutane aƙalla mita 50 daga motar, bayan shingen titi, ta ɓangaren da iska ke tasowa. Kada a bar kowa ya koma ɗauko jaka ko fasfo.

Kafin ka tashi daga tasha ka ƙirga gudumominka. Ana yawan cire su ba a mayar ba. Minti ɗaya da za ka ɗauka ka nuna wa fasinja ƙofofin rufi, ka ce su ɗaura bel, ba ɓata lokaci ba ne, don wanda mota ta cillo waje shi ya fi shiga haɗarin mutuwa.

Tambaya: Na yi karatun jinya a gida kafin in zo nan. In mutum arba'in suka ji rauni lokaci ɗaya, da wa ake farawa? (Wata 'yar'uwa, Madina)

Amsa: Malama, a asibiti kin saba ki tsaya kan majinyaci ɗaya sai kin gama da shi. A nan wannan ɗabi'ar ce za ki ajiye. In kika durƙusa minti goma kan mutum na farko, wani yana can bayan mota jininsa na ƙarewa, alhali ɗauri ɗaya zai cece shi. Tsarin tantancewa da aka fi amfani da shi ana kiransa START, an tsara shi a Kalifoniya ta Amurka a 1983, kuma ƙa'idarsa ita ce kada ki wuce minti ɗaya kan kowane mutum a zagayen farko.

Ki fara da ɗaga murya: duk mai iya tafiya ya tashi ya koma wancan wurin. Waɗanda suka tashi su ne rukunin kore, wato masu rauni mara tsanani. Da magana ɗaya kin rage taron, kin kuma sami mataimaka. Sai ki bi waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya, daga inda kike tsaye, ba tare da tsallake kowa ba.

Yana numfashi? In ba ya yi, ki buɗe masa hanyar iska: ki sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙinsa ta gefe biyu ki turo shi gaba, ki cire abin da kike gani a baki, kamar haƙoran roba. In numfashi ya dawo, rukunin ja ne, wato waɗanda ake fara ceta. In bai dawo ba, rukunin baƙi ne, wato wanda ba a sa ran cetonsa, ki wuce. In yana numfashi amma ya haura sau 30 a minti, wato fiye da sau ɗaya a kowace daƙiƙa biyu, ja ne. Sai ki taɓa jijiyar wuyan hannu. In ba ki ji bugu ba, jininsa ya yi ƙasa sosai, ja ne. Littattafai na cewa a danna farce a ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu, amma da dare ba a gani, kuma lallen da ke farcen matanmu yana rufe shi, don haka bugun wuyan hannu ya fi. Kuma a fatarmu ba a ganin ɗashewa a fuska. Ki duba cikin leɓe da cikin fatar ido da tafin hannu. Na ƙarshe, ki ce masa matse hannuna. In bai iya bin wannan umarni ba, ja ne. Wanda ya tsallake duk waɗannan amma ba ya iya tafiya, rawaya ne, wato zai iya ɗan jira.

Abu biyu kaɗai ake tsayawa a yi a wannan zagaye: buɗe hanyar iska da tsayar da jini mai tsartuwa. Su ma ɗin ki nuna wa wani daga cikin kore ya riƙe, ke ki ci gaba. In babu katin launi, ki rubuta 1 ga ja, 2 ga rawaya, 3 ga kore da biro a bayan hannu ko a goshi.

Yara suna da nasu ma'auni. Numfashinsu ya fi sauri, don haka ja shi ne ƙasa da 15 ko sama da 45 a minti. Yaron da ba ya numfashi amma zuciyarsa na bugawa, ki hura masa iska sau 5 kafin ki yanke hukunci, domin a yara numfashi ne kan fara tsayawa kafin zuciya. Jaririn da bai fara tafiya ba kada a lissafa shi cikin kore don kawai an ɗauke shi an kai can, sai an duba shi.

Wucewa a bar wanda ba ya numfashi shi ne mafi nauyi a wannan aiki, kuma 'yan'uwansa za su riƙe miki riga. Dalilin shi ne, zuciyar da ta tsaya saboda mummunan rauni da ƙarewar jini da wuya danna ƙirji ya dawo da ita a bakin titi, kuma dannawar tana cinye mutum biyu da ake bukata a wani wurin. In an gama da kowa kuma hannuwa sun wadata, a koma kansa. Ki lura kuma da cewa mai ƙarar ihu yana da iska a huhunsa da jini a ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi shiru, yana zufa mai sanyi, yana lumshe ido, shi za ki fi jin tsoro. Launin nan kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ki sake zagayawa duk bayan minti biyar zuwa goma, don rawaya kan koma ja, har kore ma kan faɗi.

Tambaya: Ba mu da kayan asibiti a mota. Da me za mu tsayar da jini? Kuma ya halatta namiji ya taɓa matar da ba muharramarsa ba a irin wannan hali? (Wata Hajiya, Sharar Mansur, Makka)

Amsa: Hajiya, motar masu Umara cike take da bandeji, sai dai ba a kallonsa a haka: harami, mayafi, ɗankwali, tawul. Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, kuma in babbar jijiyar cinya ta yanke zai iya ƙarewa cikin minti 3 zuwa 5, tun motar is'af ba ta baro tasharta ba.

A yaga tufa a ga ainihin inda jinin ke fita. A dunƙule ƙyalle a ɗora, a danna da hannu biyu da nauyin jiki, minti 10 ba ɗagawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne leƙawa a ga ko ya tsaya. Duk ɗagawa tana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. In ramin mai zurfi ne, a matsematsi ko hammata ko gindin wuya, a cusa ƙyallen ciki har ya cika sannan a danna.

In a hannu ne ko ƙafa, jinin na tsartuwa ko ya ƙi tsayawa, ko gaɓar ta guntule, sai ɗauri. A naɗe ƙyalle ya yi faɗin yatsu uku, a zagaya shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ta ɓangaren jiki, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba. A ƙulla, a ɗora sifana ko ƙarfen taya ko sanda mai ƙarfi a kan ƙullin, a sake ƙullawa, sai a yi ta murɗawa kamar yadda ake tamke igiyar kaya a bayan a-kori-kura, har jinin ya tsaya cak. A ɗaure sandar kada ta warware, a rubuta lokacin a goshinsa. Zai yi ihu don zafi, wannan ba dalilin sassautawa ba ne. Ɗauri mai sako-sako ya fi rashinsa muni, domin yana toshe jinin da ke komawa ya bar wanda ke zuwa, sai zubar ta ƙaru. Igiya siririya da waya suna yanka nama, bel ɗin fata kuma ba ya murɗuwa. In ɗaya bai tsayar ba, a ƙara na biyu a samansa. Ba a kwance shi don “jini ya ɗan zaga”, likita ne zai kwance; gaɓa tana jure kimanin awa 2 galibi ba tare da ta lalace ba.

Akwai jinin da ba a gani. Karayar ƙashin cinya kan zubar da lita 1 zuwa 1.5 a cikin naman, ta ƙugu kuwa ta fi haka. Wanda ke kukan ƙugu, ƙafafunsa sun baje, a naɗe harami ya yi faɗin tafin hannu biyu, a zura ta ƙarƙashinsa a hankali, a tamke daidai inda cinya ta haɗu da ƙugu, ba a kan cibiya ba, sannan a haɗa ƙafafun a ɗaure idon sawu. Ƙarfe ko gilashin da ya soke jiki ba a zare shi, a tallafe shi da ƙyalle ta kowane gefe. Ramin ƙirji mai tsotsar iska kada a like shi ruf, don iska za ta taru ciki ta danne huhu.

Game da tambayarki ta biyu, ƙa'idar malamai sananniya ce, larura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon larurar. Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 32, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. In akwai mace lafiyayya a kusa, ita ta danna, namiji ya faɗa mata yadda za ta yi. In babu, namiji ya yi ba tare da jinkiri ba, a buɗe wurin raunin kaɗai, wasu su kare ta da mayafi. Ke ma, Hajiya, in namiji ne a gabanki jininsa na zuba, ki danna.

Tambaya: Ina da ƙaramar mota. Ba gara in kwashi masu rauni in ruga da su asibiti ba, maimakon jiran is'af? (Wani mai ɗaukar fasinja, Jidda)

Amsa: Alhaji, niyyarka mai kyau ce, amma a nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido. Mutumin da ƙashin wuyansa ya tsage, lakarsa ba ta taɓu ba, yana iya warkewa sarai. In aka ɗauke shi hannu da ƙafa, kai na reto, aka naɗe shi a kujerar baya, tsagewar kan goce ta yanke lakar, ya shanye har abada. Alamun su ne ciwon wuya ko baya, jin kasala ko tsira-tsira a hannu da ƙafa, ko kasa motsa su. Wanda ya suma kuwa a ɗauka yana da shi. A bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa ya riƙe kan da hannu biyu.

Ana matsar da shi ne kawai in wuta na zuwa, ko yana tsakiyar titin da ba a tare ba. Sai a kama tufarsa ta kafaɗu, kansa na kwance a kan damatsan mai ja, a ja shi a miƙe. In yana amai ko jini na cika masa baki, mutum uku ko huɗu su juya shi gefe gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, mai riƙe da kai ne ke ba da umarni. Numfashi yana gaba da tsoron laka. Mai tsohon ciki a karkata ta ga hagu, don nauyin cikin kada ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Wanda ƙarfe ya danne, kada a ɗaga mota da jak ɗin taya, gocewa yake. A lura da lokacin da ya maƙale a faɗa wa ma'aikata, domin in dannewar ta daɗe sukan sa masa ƙarin ruwa kafin a ɗage nauyin, saboda gubar da naman da ya mutu ke saki tana taɓa zuciya da ƙoda.

Akwai matsala ta biyu. Masu ƙananan motoci waɗanda ke iya tafiya suke fara kwasa, su kai asibiti mafi kusa, wanda sau da yawa ƙarami ne. Kafin masu munanan raunuka su iso, gadaje sun cika. Hilal Ahmar kuwa tana rarraba su: mai raunin kai inda akwai likitan ƙwaƙwalwa, mai ƙuna inda akwai sashen ƙuna, kamar manyan asibitocin Sarki Fahad a Madina da Jidda ko Annur a Makka. A cikin motarsu akwai iskar oksijin da ƙarin ruwa, kuma suna da jirage masu saukar ungulu. In jirgi zai sauka, a tattara haramai da ledoji kada iska ta kwashe su zuwa farfela, kuma kada kowa ya tunkare shi ta wutsiya. In mai amsa kiran 997 ya ce ka ɗauki wani, ka ɗauka ka kai inda ya ce.

Tambaya: Mai rauni yana roƙon ruwa, ga Zamzam a hannuna. In hana shi? (Wani dattijo, Jarwal)

Amsa: Baba, ƙishin nan mai tsanani sau da yawa alamar zubar jini ce a ciki. In ya sha, yana iya amai ya shaƙe, ko cikinsa ya dawo da ruwan cikin huhu lokacin da aka sa shi barci don tiyata. Ka jiƙa ƙyalle da Zamzam ɗin ka shafa masa a leɓe, ka yi masa addu'a, ka yi ta yi masa magana. Masu ƙujewa kawai, da ke tafiya da hankalinsu, su sha.

Ruwan ya fi amfani a kan ƙuna. A zuba mai sanyin famfo har minti 20 in ya samu, a cire zobe da agogo da awarwaro kafin kumburi, kada a ɓamɓare tufar da ta manne. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ƙwai ko man shanu. In ƙunar ta mamaye jiki, a sanyaya wurin amma a lulluɓe sauran jikin. Wanda gashin hancinsa ya babbake, muryarsa ta dushe, yana tofar da baƙin majina, ja ne ko da yana tafiya, don maƙogwaronsa na iya kumbura ya toshe.

Da rani kwalta kan haura digiri 60 da rana, tana ƙona wanda ke kwance a kai. A zura masa darduma ko kwali, a yi masa inuwa. Da daren hunturu kuwa sahara sanyi gare ta, kuma jinin jikin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da wuri, don haka a rufe shi ko da yana cikin harami. Maganar fansa a tambayi malamai daga baya.

Tambaya: Wasunmu igamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, suna tsoron kiran hukuma. Wasu kuma waya suke ɗagawa suna ɗaukar hoto. Me za ku ce? (Wani matashi, Hindawiyya)

Amsa: Ƙanenmu, mun san wannan tsoro, kuma ba ma raina shi. Amma abin da mai amsa 997 yake nema shi ne ina kuke, mutum nawa, wane irin rauni, kuma ɗaukar mara lafiya a motar Hilal Ahmar kyauta ne. Matsalar takarda ana bin ta daga baya ta ofishin jakadanci, Najeriya da Nijar duk suna da ƙaramin ofishi a Jidda. Wanda ya sulale daga wurin hatsari da saifa a fashe yana iya tafiya da ƙafarsa awa biyu ko uku, sannan ya faɗi a ɗaki inda ba mai iya yi masa komai. Kada ku ɓoye mai rauni a gida.

Hoto kuwa, dokar ɗa'a a bainar jama'a ta 2019 ta sa tarar riyal 1,000 kan ɗaukar hoton hatsari ba da izinin waɗanda abin ya shafa ba. Ko babu tara, bai kamata uwa a Kano ko Damagaram ta fara ganin gawar ɗanta a WhatsApp ba. Mai waya a hannu ya haska wa mai ɗaure rauni.

Tambaya: Bayan an kwashe mutane, yaya dangi za su gano inda aka kai nasu? Kuma wanda aka sallama, shi ke nan ya tsira? (Wata uwa, Ɗa'ifa)

Amsa: Hajiya, wahalar ganowa tana da dalili. Namiji mai harami ba shi da aljihu, fasfo sau da yawa yana jakar jagora, ga masu rauni an rarraba su asibitoci uku ko huɗu. Maganinta tun kafin tafiya ne: jerin sunayen fasinja ya kasance a hannun jagora da direba da wani da ya rage a masauki, kowa kuma ya bar abin hannunsa ko katinsa a jikinsa. A wurin hatsari, mutum ɗaya ya tsaya kusa da motocin is'af yana rubuta sunan wanda aka ɗauka da asibitin da aka nufa, wanda ba a san sunansa ba a rubuta kamanninsa da tufarsa. A ƙirga mutane a gwada da jerin, a duba ƙarƙashin kujeru da ramin gefen titi, don yaro ko wanda aka cillo nesa yana iya ɓacewa cikin duhu. Dangi su tuntuɓi kamfanin da ya kawo mahajjatan da ofishin jakadanci, mutum ɗaya ya wakilci iyali. Bizar Umara tana haɗe da inshorar da ta shafi jinyar gaggawa da hatsari, don haka a karɓi rahoton asibiti da na murur a adana.

Wanda aka sallama a sa masa ido kwana biyu, kada ya kwana shi kaɗai. A mayar da shi asibiti nan take in ciwon kai na ƙaruwa, ko yana ta amai, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko magana ta rikice, ko gefe ɗaya ya yi rauni. Haka in ciki ya kumbura ko ya yi tauri, ko kafaɗar hagu na ciwo ba tare da an buge ta ba, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko fitsari ya fito da jini, ko numfashi na yi masa wuya. Tsofaffi masu shan maganin tsinka jini, da masu ciki ko da ba su ji komai ba, likita ya gan su a ranar. Don zafin jiki a ba shi farasitamol, a guji asfirin a kwanakin farko saboda yana ƙara zubar jini. Firgita cikin barci da tsoron shiga mota a makonnin farko abu ne da aka saba gani. In ya wuce wata guda bai ragu ba, a kira 937, layin shawara na Ma'aikatar Lafiya, a nemi ganin likita.